SARAN KUBUBUWA: INDA AIKIN GANYE YA TSAYA

Bismillahir Rahmanir Rahim.



'Yan'uwa magidanta maza da mata na Tambuwal da Kebbe, da na Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, Kuchi da sauran garuruwanmu, da duk wanda saƙon ga ya iske, Allah shi ƙara muna lafiya mai amfani.

Kaka ta kama. Ana yankan gero, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, masu fadama suna shirin shinkafa. Lokaci ne da hannu ke shiga ƙarƙashin kara da ciyawa ba tare da ido ya riga shi ba, don haka karatunmu na wanga mako a kan saran kububuwa ne, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa.

Bari in faɗi matsayina tun farko don kowa ya ji. Ni mai maganin gargajiya ne, da saiwa da ganye nake ciyar da iyalina. Amma ina gaya muku tsakani da Allah: idan dafin kububuwa ya shiga jinin mutum, babu saiwa, babu ganye, babu baƙin dutse da anka tabbatar yana fitar da shi. Maganinsa allurar kashe dafi ce, kuma a asibiti take. Na san akwai abokan sana'a da maganar ga ba za ta yi wa daɗi ba. Su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, zan kawo dalili.

*1. WUƘAƘEN DA ALLAH YA SA A JIKINMU*

Nama, fata, jijiya da mafi yawan abin da ke aiki cikin jini, da wani abu anka gina su wanda likitoci ke kira furotin. Furotin kamar dogon carbi yake, ƙwaya na bin ƙwaya. To Allah Mai hikima ya halicci wasu sinadarai, ana ce musu inzayim, daga cikinsu akwai waɗanda aikinsu ɗaya ne: yanka wanga carbi a daidai wurin da anka umurce su. Ni wuƙaƙe nake kiransu, don sunan ya dace da aikin.

Ta farko tana cikin tumbi, sunanta fefsin. Wani Bajamushe, Theodor Schwann, shi ya gano ta a 1836. Ita ke fara yayyanka naman da ka ci, da wake, da ƙwai, da kifi. Za ka ce, to tumbin shi ma ai nama ne, mi ya hana ta cinye shi? Ga hikimar. Jiki ba ya fitar da ita tsirara. Cikin kube take fitowa, sai ta haɗu da tsamin ciki sannan kuben ya fita. Kuma bangon tumbi shafe yake da wata yauƙi mai kauri da ke kare shi. Ranar da kariyar ta raunana, saboda ƙwayar cuta ko yawan shan magungunan ciwon jiki barkatai, tsami da wuƙa su samu hanya, shi ne gyambon ciki da muke fama da shi.

Akwai wata kuma, tirifsin, da ke fitowa daga gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, wadda ke yin insulin. Ita ma cikin kube take tafiya, sai ta kai hanji take buɗewa. In ta buɗe tun tana gida, sai gaɓar ta fara cin kanta, ciwo mai tsanani ke nan.

Mu ma mun san irin waɗanga wuƙaƙe a tsirrai tun kafin mu ji sunansu. Matanmu na sa ɗanyar gwanda ko ganyenta ga nama mai tauri ya yi laushi. Farin ruwan nan na ɗanyar gwanda shi ke ɗauke da wuƙar, sunanta fafayin. Shi ya sa muke hana mai ciki cin ɗanyar gwanda, nunanniya kuwa babu laifi. Fulanin wajen Ilorin da ƙasar Benin da ganyen tumfafiya suke daskarar da madara su yi cuku, nan ma wuƙa ce ta yanka furotin ɗin madara.

Ku riƙe wagga ƙa'ida: wuƙa a wurinta, a lokacinta, da gwargwadonta, rahama ce. In ta fita kube ba bisa ƙa'ida ba, ta zama musiba.

*2. YADDA JINI KE TSAYAWA*

In lauje ya yanke ka, jini ya zuba kaɗan ya tsaya. Wa ya tsayar da shi? Hanta na ƙera wani furotin mai kama da zare, yana yawo narke cikin jini, sunansa fibirinojin. Tana kuma ƙera wata wuƙa mai kube, furotorombin. Da an samu rauni, sai jiki ya zare kuben a daidai wurin raunin kaɗai. Wuƙar ta yanke bakin zaren, zaren ya manne da ɗan'uwansa, su saƙa raga kamar tarun masunta, ƙwayoyin jini su maƙale, rauni ya toshe. In wurin ya warke, wata wuƙar ta daban ta zo ta warware ragar don hanya ta buɗe. Duk wanga aiki na gudana kana barci ko kana noma, ba ka sani ba. Subhanallah.

*3. ABIN DA DAFIN KUBUBUWA KE YI*

Kububuwa ƙaramar macijiya ce, tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya da ɗan ƙari ba. Launinta na ƙasa ne da ɗigo-ɗigo masu haske, in ta ji motsi takan naɗe ta riƙa goga jikinta yana wani irin ƙara kamar ana zarto. Da maraice da dare ta fi fita. Duk ƙanƙantarta, ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a arewacin ƙasar ga.

Dafinta cike yake da wuƙaƙen da babu kube, kuma ɓarna biyu suke yi lokaci guda.

Ta farko: wasu daga cikinsu suna zare kuben furotorombin a ko'ina cikin jiki. Sai jini ya shiga saƙa raga inda babu rauni, jiki yana warwarewa, yana sake saƙawa, har zaren da hanta ta tara ya ƙare ƙaƙaf. Kamar magini ne da ya ƙarar da ƙasar yaɓensa a bangon da ba shi da tsaga, sai ga ruwa ya sauko, rufi na yoyo, babu abin toshewa.

Ta biyu: wasu wuƙaƙen suna yanka bangon ƙananan jijiyoyin jini, suna huda su.

Ka haɗa biyun: jijiya ta huje, jini kuma ba ya daskarewa. Shi ya sa za ka ga wanda ta sara dasashinsa na jini, yana tofar da yawu ja, tsohon miki ya tashi, fitsari ko bayan gida ko amai da jini. Mace mai ciki tana iya ɓari da zubar jini mai yawa. Mafi muni shi ne wanda ido ba ya gani, jinin da ke zuba cikin ciki ko cikin ƙwaƙwalwa.

Sunan gobe-da-nisa na sa mutane su ɗauka in mutum ya kwana ya tashi ya tsira. Ba haka ba ne. Sau da yawa mutum zai yi kwana biyu, uku, har mako, yana zaune yana hira, ƙafa kawai ta kumbura, a ce magani ya ci. Rana ɗaya ya ce kansa na sarawa, ya faɗi. Wanga jinkiri yaudara ne ga wanda ya zauna gida, amma rahama ne ga wanda ya tashi, don allurar na aiki ko bayan kwanaki, muddin dafin na cikin jini.

Yanzu ku duba abin da anka saba yi a ƙauye. A ɗauko aska a tsattsaga wurin, a kafa ƙaho. Mutumin da jininsa ba ya tsayawa, ka ƙara masa ƙofofi goma na zuba? A ɗaure ƙafa da roba ko igiya tamau har ta yi baƙi. Ɗaurin ba ya hana dafi tafiya, sai dai ya hana nama samun jini, ƙarshe a kai ga yanke ƙafa. A ba shi jiƙo mai sa amai, alhali yunƙurin amai na iya tayar da zubar jini a ciki. Don Allah wanne daga cikin waɗanga ya taɓa wuƙar da ke yawo cikin jini?

*4. "AI MAGANIN WANE YANA CI, MUN GANI"*

Na san za a faɗi haka, kuma ba na ƙaryata wanda ya ce ya gani da idonsa. Ga abin da ya gani.

Macizai da yawa ba su da dafin kisa. Mai dafin ma ba kullum yake zuba shi ba, wani saran busasshe ne, wani kuma kaɗan ya shiga. Su kansu waɗanda dafin kububuwa ya shiga jininsu sosai, likitoci sun lissafa cewa in ba a yi allura ba, ɗaya zuwa biyu cikin goma ke mutuwa. Ke nan takwas zuwa tara za su tashi, ko an ba su jiƙo ko ba a ba su ba. Mai magani ya ɗauki yabon takwas, biyun da sunka tafi a ce kwana ya ƙare. Da allurar da ta dace kuwa, mutuwar na sauka zuwa ƙasa da biyu cikin ɗari. Kai mai gida, in ɗanka ne kwance, wane lissafi za ka zaɓa?

Wani zai ce, ai 'yan boko da kansu sun gwada itatuwanmu. Gaskiya ne. Masana a jami'o'in Najeriya sun gwada sabara, da gwandar daji, da ɓawon ɗorawa, sunka ga suna rage ƙarfin dafi cikin kwalba da jikin ɓeraye. Abin farin ciki ne, muna roƙon Allah shi sa a kai ga fitar da magani daga gare su. Amma a yawancin gwajin, dafin da ganyen ake cuɗawa tukuna kafin a yi wa ɓera. Manomin Kebbe kuwa dafin ya riga ya zagaya jikinsa tun yana gona. Ba a tabbatar da su ga ɗan Adam ba, kuma ran mutum ba abin gwaji ba ne a zaure.

Haka masu wasa da maciji a kasuwa da ke sayar da garin rigakafi. Kada ka sayi ƙarfin halin da zai sa ɗanka ya tura hannu rami.

*5. RUƘYA DA TAWAKKALI*

Nan ne wasu ke ruɗewa, su ga kamar zuwa asibiti raunin imani ne. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim, daga Abu Sa'idil Khudri, Allah shi ƙara masa yarda, cewa wani sahabi ya yi wa shugaban wata ƙabila tofi da Fatiha bayan wani abu mai dafi ya harbe shi, ya warke, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tabbatar da abin da ya yi. Ruƙya gaskiya ce, babu mai musun ta sai jahili.

Amma wanda ya koya muna ruƙya shi ne ya umurce mu da neman magani, ya sanar da mu cewa kowace cuta da Allah ya saukar akwai maganinta, wani ya sani wani bai sani ba. Shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu, duk da nauyin mulki da jihadi, ya zauna ya rubuta littattafai kan ilmin magani. Magabatanmu ba su ga karo tsakanin addu'a da sababi ba.

Don haka ka yi tofi, amma bisa babur ko cikin mota, ana tafiya. Fatiha ba ta bukatar a ajiye majinyaci kwana uku a zaure.

Ku ji wani abin mamaki na kudurar Allah. Cikin huhunmu akwai wata wuƙa da ke yanka wani sinadari ya koma mai matse jijiyoyi, jini ya hau. Wani masani ɗan ƙasar Barazil, Sérgio Ferreira, ya gano a shekarun 1960 cewa cikin dafin wani macijin ƙasarsu akwai abin da ke dakushe wagga wuƙa. Daga nan anka ƙera maganin hawan jini Captopril, wanda Amurka ta amince da shi a 1981, sannan danginsa irin su Lisinopril sunka biyo baya. Dattawanmu nawa ke shan su yau? Daga bakin maciji Allah ya fitar musu da sauƙi.

*6. ITA ALLURAR, MECE CE?*

Daga dafin ake yin ta. Ana tatsar macizai, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurar dafin kaɗan-kaɗan har jininsu ya ƙera abin da ke kama wuƙaƙen ya rufe musu baki. Shi ake tacewa a zuba a kwalba. Wato kube ne ake mayar wa wuƙar da ta fito tsirara. In an sa ta a jijiya, zubar dasashi kan tsaya cikin ƙasa da awa guda, hanta ta sake tara zare, bayan kamar awa 6 jini ya koma daskarewa.

Akwai wadda anka yi da dafin macizan Najeriya: EchiTAb-G, ta kububuwa kaɗai, wadda anka ƙera a Birtaniya, da EchiTAb-Plus, ta ƙasar Kosta Rika, wadda ta haɗa kububuwa da kasa da kumurci mai tofi. An gwada su a Kaltungo ta jihar Gombe, inda asibitin saran maciji yake, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda sunka tsaya kan aikin. Ku lura: allurar da anka yi don macizan Indiya ba ta kama dafin kububuwarmu yadda ya kamata. An gani a Ghana, da anka koma amfani da irinta mutuwa ta ƙaru. Kada a sayi kwalba a kemis ko hannun ɗan talla a kawo gida. Ko ta ƙwarai ce, wani jikin na yin bore da ita, sai da ma'aikacin lafiya a kusa da maganin da zai kwantar da shi.

Yadda ake gane dafi ya shiga kuwa ba shi da tsada. A ɗebi jini kaɗan a zuba cikin kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, a ajiye minti 20, a karkata. In ya daskare, alhamdu lillahi, a ci gaba da lura. In ya zubo kamar ruwa, a nemi allura. Wanga gwaji daga ƙasar ga ya fito, daga aikin Dakta David Warrell da abokansa lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, yau duniya na amfani da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara saboda saran maciji. A 2017 ta sa shi cikin cututtukan da anka yi watsi da su, a 2019 ta ɗauki alkawarin rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030. An yi watsi da shi ne don cutar talaka ce, manomi da makiyayi da mai itace.

*7. IN ABIN YA FARU*

A YI:
• A janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali. Kada ya yi gudu.
• A cire zobe, agogo, warwaro da takalmi kafin kumburi.
• A ɗora gaɓar bisa kara ko katako don kada ta riƙa motsi, ba tare da matsewa ba. A ɗauke shi, kada ya taka.
• A riƙe lokacin da abin ya faru.
• A nufi asibiti nan take, ko da bai ji komai ba. Ya kwana can a lura da shi awa 24.
• In zafi ya yi yawa, farasitamol kaɗai.
• In tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa, sannan asibiti.

KADA A YI:
• Tsaga, ƙaho, tsotsa, ƙonawa ko ɗaure tamau.
• Asfirin, diklofenak ko ibufurofen. Suna ƙara zubar jini.
• Allura a ɗuwawu a kemis. Wurin na iya tara jini.
• Ɓata lokaci wajen farautar macijin. In an riga an kashe shi, a ɗauki hotonsa a waya, kada a taɓa kan da hannu.

Yaro ba a rage masa allura don ƙanƙantarsa, dafin da ya shige shi daidai yake da na babba. Mai ciki ma ana yi mata.

Rigakafi kuwa: takalmin roba mai tsawo a gona, tocila da dare ko zuwa masallaci ne, a juya damin kara da sanda kafin hannu, a nisanta tarin itace da rumbu daga ɗakin kwana don ɓera ke jawo maciji, a kwana bisa gado cikin gidan sauro a cusa bakinsa. Kada a bar azkar na safe da maraice, musamman addu'ar neman tsari da Annabi ya koya wa mutumin da kunama ta harba, tana cikin Sahihu Muslim.

*8. KIRA GA MASU MAGANI DA SHUGABANNI*

Abokan sana'ata, mu ji tsoron Allah. Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin abin ba, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Malaman fiƙihu sun gina hukunci a kai. Mai sara na fara zuwa wurinmu ne don mu ke kusa kuma mu anka yarda da mu. Wagga yarda amana ce. Kalma ɗaya daga bakinka, "ku tashi ku tafi yanzu", ta fi duk abin da ke cikin jakarka amfani a wannan dare. Mutuncinka ba zai ragu ba. Muna da fagenmu mai faɗi da Allah ya ba mu, wanga ba shi ciki.

Na san uzurin mutane, kuma uzuri ne na gaske: allurar na da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba, hanyoyinmu da dare ba kamar da ba. Shi ya sa shirin ba ranar sara ake yin sa ba. Hakimai, masu unguwanni da limamai, a wakilta mutum ya je babban asibiti mafi kusa tun yanzu ya tambaya: kuna da allurar kashe dafi? Wace iri? In babu, ina ake turawa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko na gwamnatin tarayya a Birnin Kebbi? A rubuta lambar mai mota ko mai babur biyu da za su tashi ko ƙarfe nawa ne. Kowane masallacin Juma'a ya buɗe ɗan asusu, manoma su sa mudu-mudu a kakar ga, don kada a tsaya neman mai sayen akuya jini na zuba. 'Yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomi kuma, in sun zo gaisuwa, a tambaye su kwalba nawa sunka ajiye a asibitocinmu. Alƙur'ani ya kwatanta ceton rai ɗaya da ceton mutane baki ɗaya.

Duk wanda ya karanta, ya karanta wa iyalinsa da waɗanda ba su iya karatu ba, musamman samari masu zuwa gona da 'yan'uwanmu na ruga. A tura wa sauran zaurukan, sadaka ce mai gudana.

Allah shi tsare mu da ɗiyanmu daga sharrin abin da ya halitta, shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi jiƙan waɗanda sunka riga mu, shi sa albarka ga amfanin gonarmu.

Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.
Ɗan'uwanku a Musulunci, daga Tambuwal.